Ƙwaron Da Aka Saki Ba Ya Jin Kira: Darasi Daga Gulaben Amurka

Kwanan baya, a cikin wani shiri na kai tsaye da muke gabatarwa a gidan rediyo kan noma da kiwo, wani makiyayi ya bugo tarho yana kukan ƙayar nan ta furosofis wadda ta cinye masu bakin tabki, ta toshe burtali, har ta kai bisashe ba su gangarawa mashaya sai da rauni a ƙafa. Da ya gama zayyana damuwarsa sai ya ce: "Malam, shin Turawan nan da suka iya komi, ba su da wani ƙwaro da za a kawo ya cinye muna ita mu huta?" Mun yi dariya a ɗakin watsa shiri, amma da na koma gida sai na ga tambayar ta fi ƙarfin dariya, domin kuwa akwai ƙasar da ta yi daidai abin da yake roƙo a kan wani icce daban, kuma yau sama da shekara 20 ke nan tana fama da abin da ya biyo baya. Ƙasar ita ce Amurka, kuma labarin ya cancanci mu ji shi daga farko har ƙarshe.

Iccen da ake magana a kansa sunansa tamaris, Amurkawa kuwa suna ce masa iccen gishiri. Asalinsa daga Asiya da kudancin Turai da arewacin Afirka yake, danginsa ma na fitowa a cikin Sahara. Ba shi ya kai kansa Amurka ba. Mutane ne suka ɗauke shi a ƙarni na 19 domin adon gidaje, saboda furensa mai ruwan hoda, daga baya kuma aka riƙa dasa shi don tare iska da riƙe gaɓar gulbi kada ruwa ya zaftare ta. Wato dai hannu biyu aka karɓe shi. Kafin ƙarni na 20 ya ƙare, ya mamaye fiye da hekta 400,000 a yammacin ƙasar, a bakin kogin Kolorado da Riyo Girande da Pekos da ƙananan gulaben da ke zuba cikinsu.

Icce ne mai taurin rai. Guda ɗaya da ya girma kan iya zubar da ɗiya har kimanin 500,000 a shekara, ƙanana ƙwarai, iska da ruwa na yawo da su. Saiwarsa tana nitsewa nesa cikin ƙasa ta cim ma ruwa. Yana tsotso gishiri ya fitar da shi ta ganye, in ganyen ya zube sai gishirin ya taru a saman ƙasa. In ka sare shi ya tofo, in ka ƙone shi ya tofo. To amma babban laifin da aka ɗora masa shi ne shan ruwa. An yi shekaru ana maimaita cewa icce guda na shanye kimanin lita 750 a yini, wato bido 30 na lita 25. A yankin da birane da gonaki ke rabon ruwan kogi da ma'auni, wannan magana kaɗai ta isa a yanke masa hukuncin kisa.

An kuwa gwada kashe shi ta kowace hanya. An sa katafila ta tumɓuke, an cinna wuta, an fesa guba, har da jirgin sama mai saukar ungulu a bakin kogin Pekos tun daga shekara ta 1999. Kuɗi sun tafi masu yawa, iccen kuma yana dawowa. Shi ya sa tun a shekarun 1980 masana na ma'aikatar noma ta Amurka, a ƙarƙashin jagorancin wani masanin ƙwari mai suna Jack DeLoach, suka ɗauki wata hanya. Hujjarsu mai sauƙin fahimta ce: a ƙasarsa ta asali tamaris yana da maƙiya masu cinsa, shi ya sa bai fi ƙarfin kowa ba, da aka kai shi Amurka sai ya baro maƙiyan a gida. Saboda haka a je a ɗauko ɗaya daga cikinsu a haɗa su.

Wanda aka zaɓa shi ne wani ɗan ƙwaro mai cin ganye da masana ke kira Diorhabda, tsawonsa bai wuce rabin santimita da kaɗan ba. An samo shi daga Fukang a arewa maso yammacin ƙasar Sin da kuma Cilik a Kazakistan, daga baya aka ƙaro danginsa daga Girka da Uzbekistan da Tunisiya. Shi da tsutsarsa suna kankare ganyen tamaris har ya bushe. Iccen ya sake tofowa, su sake cinyewa, a haka shekara bayan shekara har abincin da ya tara a saiwa ya ƙare. An yi fiye da shekara 10 ana jarraba shi a killace, ana ba shi amfanin gona da itatuwan gida don a tabbata ba zai juya kansu ba. A 1999 aka sa shi cikin keji a fili, a 2001 kuma aka buɗe masa ƙofa.

A faɗi gaskiya, ƙwaron ya yi aikin da aka aike shi. A wajen Lovelock cikin jihar Nebada, da kuma wajen Mowab cikin jihar Yuta inda aka sake shi a 2004, cikin ƴan shekaru mutane suka ga bakin gulbi mai tsawon kilomita da dama ya koma ruwan ƙasa a tsakiyar lokacin da ya kamata ya yi kore shar. Bai faɗa wa alkama ko masara ko auduga ba. Abin da katafila da guba suka kasa da miliyoyin daloli, ɗan ƙwaro ya yi shi kyauta. Da a nan labarin ya tsaya, da sai in ce wa makiyayin nan ya sha kuruminsa, magani na nan tafe.

To amma akwai wani ɗan tsuntsu. Nauyinsa bai wuce gram 12 ba, yana cin ƙudaje da ƙananan ƙwari, yana yin hunturu a ƙasashen tsakiyar nahiyar Amurka, sa'an nan ya dawo kudu maso yammacin ƙasar Amurka ya yi sheƙa a cikin kurmin bakin ruwa. Da can a kan wani iccen gida mai suna wilo yake sheƙa. Da wilo ya yi ƙaranci sai ya koma kan tamaris, tunda shi ya rage. A 1995 gwamnatin Amurka ta sa shi cikin jerin halittun da ke gab da ɓacewa, wanda doka ta hana a taɓa mazauninsu. Wannan ne ma ya jinkirta sakin ƙwaron. Ka ga ke nan iccen da wata ma'aikata ke neman kashewa ya zama gidan tsuntsun da wata ma'aikata ke neman ceto, kuma dukkansu na gwamnati guda ne.

Don a raba gardama, masu shirin sun ba da tabbaci guda 2. Na farko, ba za a saki ƙwaron ba sai a wurin da ke nesa da sheƙar tsuntsun da aƙalla kilomita 320. Na biyu kuwa ya dogara ne kan halittar ƙwaron kansa. Shi ɗan arewa ne, inda yinin bazara ke da tsawo ƙwarai. In tsawon yini ya gaza kimanin awa 14 da minti 40, jikinsa na gaya masa sanyi ya kusa, sai ya daina haihuwa ya shige ƙarƙashin busasshen ganye ya kwanta. Don mai karatu ya kwatanta, a nan Yamai ko Maraɗi yini mafi tsawo a shekara bai wuce awa 13 ba. Masana suka lissafa cewa in ƙwaron ya gangara kudu, inda yini bai kai wancan tsawo ba, zai kwanta da wuri, abincin jikinsa ya ƙare, ya mutu kafin bazara ta zagayo. A takarda lissafin ba shi da aibi.

Tabbacin nan guda 2 duk sun rushe. Na farko ɗan Adam ne ya rushe shi: a 2006 wasu hukumomin yanki a kudancin jihar Yuta, da suka ga yadda ƙwaron ke aiki a arewa, suka ɗebo shi suka zuba a bakin gulbin Birjin kusa da garin Sen Joj, wato a ƙofar gidan tsuntsun. Na biyu kuwa ƙwaron ne da kansa ya rushe shi. A kowace haihuwa, waɗanda ba su saurin kwanciya su ke rayuwa su bar baya, har cikin ƴan shekaru aka samu zuriya da ta saba da gajeren yini. Daga 2008 aka fara ganin tamaris ya zama ƙwarangwal daidai lokacin da tsuntsun ke kwance kan ƙwai. Inuwa ta tafi, rana ta buɗe sheƙa, masu farauta suka hango ta, ƴan tsaki da dama ba su tashi ba. Ƙwaron ya ci gaba da bin gulbi yana gangarawa Nebada da Arizona.

A watan Yuni na 2010 hukumar da ke ba da izini ta dakatar da shirin, ta daina ba da takardar ƙetare jiha da ƙwaron. Sai dai ƙwaro ba ya karanta takardar gwamnati. Ƙungiyoyin kare muhalli sun kai ƙara, a 2017 kuma wata kotun tarayya a Nebada ta ce ma'aikatar ta saɓa doka, tunda ta janye hannunta ba tare da ta yi wa tsuntsun tanadi ba. Can kudu kuma, a kan iyakar Teksas da Meksiko, irin da aka kawo daga Tunisiya ya ƙetare kogin Riyo Girande ya faɗa wa wani babban nau'in tamaris da mutane ke dasawa don inuwa a gidaje da gonaki. Masu iya magana sun ce magana zarar bunu ce. Sakin ƙwaro ya fi ta, domin shi in ya fita har haihuwa yake yi.

Sai kuma maganar ruwa, wadda ita ce mafarin yaƙin. A 2006 majalisar dokokin Amurka ta yi doka da ta umurci a yi bincike na ƙwarai kan wannan icce. Rahoton da hukumar binciken ƙasa ta fitar a 2010 ya nuna cewa, a fili mai girma guda, ruwan da tamaris ke sha bai wuce wanda itatuwan gida irin su wilo da katinwud ke sha ba, kuma a wuraren da aka share shi da wuya a ga ƙarin ruwan a zo a gani a cikin kogi. Wato lita 750 ɗin nan da aka yi ta maimaitawa ba ta tsaya da ƙafafunta ba. Wannan kaɗai darasi ne ga mu ƴan jarida, masu ɗaukar adadi daga bakin wani mu watsa ba tare da tambayar inda aka auno shi ba.

In ba tamaris ne ya shanye ruwan ba, to me ya kashe kurmin bakin kogi? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da can, kowace bazara ƙanƙarar kan duwatsu na narkewa, kogi ya yi ambaliya, ya wanke gishiri, ya shimfiɗa sabon laka. Wilo da katinwud suna sakin ɗiyansu daidai wannan lokaci, cikin ƴan makonni, su faɗa kan danshi su tsira. Da aka gina manyan madatsun ruwa, irin su Hoover da aka kammala a 1936 da Glen Canyon da ta fara tare ruwa a 1963, aka kuma janye ruwa zuwa gonaki da birane, sai ambaliyar ta daina zuwa a kan lokacinta, ruwan ƙasa ya yi nisa, gishiri ya taru. Itatuwan gida suka rasa yadda za su hayayyafa. Tamaris kuwa, mai zubar da ɗiya wata da watanni, mai jure gishiri da ƙishi, ya tarar da gida a buɗe.

Nan ne nake ganin kuskuren ya fi girma. Ƙwaro na iya kashe icce, amma ba ya iya maido da ambaliya. A wurare da dama inda tamaris ya mutu, abin da ya maye gurbinsa wasu baƙin ciyayi ne marasa amfani, ga kuma busassun itatuwa tsaye suna jiran wuta. Inda aka ga alheri shi ne inda mutane suka bi bayan ƙwaron da aiki: suka kwashe matattun itatuwa, suka dasa wilo da katinwud, suka ba su ruwa. A Sen Joj ɗin ma, inda wilo ya saura a kusa, an ga tsuntsayen sun koma kansa. A 2014 kuma Amurka da Meksiko sun yarda suka saki ruwa kimanin mita kubik miliyon 130 daga madatsar Morelos don a kwaikwayi ambaliyar da, har kogin Kolorado ya sake taɓa teku bayan shekaru yana ƙafewa a hanya. Wannan aiki ne mai tsada, kuma shi ya kamata a tanada tun kafin a buɗe kejin ƙwaro. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kada wani ya ɗauka ina ƙin wannan dabara ta haɗa ƙwaro da ƙwaro ko ƙwaro da icce. Mu ƴan Afirka mun ci moriyarta. Lokacin da wani farin ƙwaro ya faɗa wa rogo tun daga shekarun 1970, cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, ta hanyar shirin da Hans Herren ya jagoranta, ta kawo wani ɗan ƙaramin dangin zanzaro daga Kudancin Amurka ta fara sakinsa a 1981, rogon nahiya ya tsira. A nan gida ma, masu bincike na INRAN a Maraɗi, tare da takwarorinsu na Mali da Burkina Faso, sun yi shekaru suna rarraba wa ƙauyuka ƙananan buhuna masu ɗauke da wani dangin zanzaro da ke kashe tsutsar zangarniyar hatsi. Sai dai a lura: a duka biyun, abin da ake yaƙa ba ya amfanin kowa. Babu mai sheƙa a kan tsutsar hatsi, babu mai dafa tuwo da ita. Icce kuwa, ko baƙo ne, in ya shekara 50 a wuri to ya riga ya yi dangi.

Mu dawo ga furosofis ɗin makiyayinmu. Shi ma baƙo ne daga nahiyar Amurka, mu muka dasa shi bayan farin shekarun 1970 don tare rairayi, bisashe kuma suka ci ɗiyansa suka yaɗa iri cikin kashinsu. A farkon shekarun 2000 an ƙiyasta ya rufe fiye da hekta 300,000 a ɓangarenmu na tabkin Cadi, wajen N'Gigmi. Kukan makiyayi gaskiya ne, kukan masunci da mai noman rani ma haka. To amma matar da ke samun iccen girki a cikinsa fa? Mai yin gawayi fa? Garin da ƙayar ta tsare masa tudun rairayi fa? In gobe wani furoje ya zo da ƙwaro cikin kwalba ya kashe shi baki ɗaya, gatarin nan da ke sarar furosofis kan gawo da bagaruwa da aduwa zai koma. Daɗin daɗawa, furosofis na da dangantaka da ƙiryarmu, wadda ake sassaƙa turmi da ita, maƙera ke gawayi da ita, mata ke daddawa da ɗiyanta. Duk ƙwaron da za a kawo, dole a fara tabbatar ba zai taɓa ta ba.

Afirka ta Kudu ta fuskanci wannan tambaya tun da daɗewa. Da yake manomanta na son inuwar iccen da ɗiyansa don dabbobi, a 1987 ta zaɓi ta saki ƙwari masu cin ƙwayar iri kaɗai, su bar iccen da ransa. Ƙwarin sun zauna, suna lalata iri mai yawa, amma yaɗuwar ba ta tsaya ba, domin bisashe na riga su cinye ɗiyan. Wannan ma na nuna cewa ƙwaro shi kaɗai ba ya gama aiki.

Batun madatsar ruwa kuwa ba sai mun je Amurka ba. Maƙwabtanmu na fadamar Haɗeja da Nguru sun ga yadda kacalla ta toshe hanyoyin ruwa bayan madatsun Tiga a 1974 da Challawa a 1992 sun sauya tafiyar kogi, ruwan da ya saba zuwa ya janye ya koma kwanciya rani da damana. Mutanen Maraɗi sun san yadda gulbinsu ya canza bayan madatsar Jibiya. Ranar da madatsar Kandaji, wadda aka aza tubalinta a 2008, za ta fara tare kogin Isa, ya kamata a ce an riga an yi tunanin wane tsiro ne zai ji daɗin sabon yanayin, wane ne kuma zai mutu. In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka kirana ga magabata, da ma'aikatan gandun daji, da masu bincike, da ƴan majalisar dokoki shi ne, duk ranar da aka kawo maganar shigo da wata halitta don yaƙar wani icce, a tsaya a amsa tambayoyi kaɗan a bainar jama'a. Me ya ba iccen ƙarfi tun farko, kuma an gyara shi? Wane ne ke rayuwa a jikinsa, mutum ko dabba, an kuma zauna da shi? Me za a dasa a gurbinsa, ina irin, ina kuɗin, wa zai yi ban ruwa? An shawarci Nijeriya da Cadi, tunda ƙwaro ba ya tsayawa wajen duwan? Sa'an nan a ɗaure doka yadda wani magajin gari ko shugaban furoje mai zumuɗi ba zai ɗebo shi a leda ya kai inda ba a yarda ba, kamar yadda aka yi a Yuta. Amurka da ke da dakunan bincike da kotuna da kuɗi ta kasa maido ƙwaronta cikin keji, ina ga mu?

Kai kuma makiyayi da ka bugo tarho, amsarka ita ce: ƙwari masu cin furosofis akwai su, kuma mai yiwuwa wata rana a kawo maganarsu ƙasar nan. Kafin ranar, abin da ke hannunmu shi ne a buɗe burtali da mashaya da gatari bisa tsarin da aka yarda da shi, a tono kututture har saiwa a inda ake noma, a niƙa ɗiyan iccen kafin a ba bisashe don iri ya mutu, a kuma bar masu gawayi su rage shi da izini a inda ya yi yawa. Aiki ne mai gumi, amma in an yi kuskure a cikinsa ana iya tsayawa a gyara, abin da mutanen gulbin Birjin ba su samu ba. Allah ya ba mu damana mai albarka.